Yadda Ake Shirya Fita Kamun Kifi da Fatsa a Ƙauyukan Kewayen Zariya

Mazaunin Zariya, ko a birni yake ko Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru, ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya sami ruwan da zai jefa fatsa. Kogin Galma, wanda ya taso daga tuddan Filato ya ratso ƙasar Kubau, yana wucewa ta gabashin gari kafin ya gangara ya haɗu da Kogin Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya gan shi a wajen Dakace. Kubanni ya biyo ta Samaru ya ratsa gari ya zuba a Galma, sannan ga Saye da rafin Shika da ƙananan ƙoramu da tafkuna waɗanda sai masu noma a bakinsu ne suka san sunayensu. Ruwa dai akwai shi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne mutumin da zai karɓe ka, ya nuna maka gurbin da kifi yake taruwa, ya kuma tsaya maka idan aka tambayi abin da ya kawo baƙo bakin ruwa da almuru. Saboda haka shirin wannan fita daga neman masauki yake farawa, maganar ƙugiya da zare ta biyo baya.

Kafin a kai ga masaukin, ya kamata a tsayar da lokaci, domin kowane yanayi da irin ruwansa. Damina a ƙasar Zazzau takan kama ne daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma a watan Agusta Galma yakan cika ya tumbatsa, ya shanye fadamu, gaɓarsa ta yi taushi har ta riƙa zabtarewa a ƙarƙashin ƙafar mutum. Wannan ba lokacin ɗan koyo ba ne, ko da kuwa ya iya iyo. Farkon damina kuma, sa'ad da jan ruwa ya fara saukowa, tarwaɗa takan fito da yawa ta bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawa, amma fitowar tata ta zuba ƙwai ce, don haka mai hankali yakan ɗauki abin miya kawai ya bar saura. A ganina babu kamar kaka, wato Oktoba da Nuwamba: ruwa ya fara ja da baya ya kwanta, kifi ya ƙoshi, hanyoyin ƙauye sun bushe babur yana shiga ko'ina, mutanen gari kuma suna cikin walwalar sabon amfanin gona. Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu sai kifi ya rage ci saboda sanyin ruwa, wanda ya yi sammako a lokacin sanyi kawai zai sha, gara ya jira hantsi. A bazara ruwa yakan tsinke ya koma gurbi-gurbi, kifi ya taru wuri ɗaya, sai dai a nan ne masunta na gari suka fi sa ido a kan ruwansu.

Neman masauki da shiga gari

Ba a ɓoye ba ne cewa shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun addabi wasu sassan yammacin Zariya, musamman ƙauyukan cikin dajin Giwa da hanyar Birnin Gwari. Dajin Kamuku, duk da kasancewarsa gandun daji na ƙasa, ba wurin da za a ce wa mai yawon shaƙatawa ya nufa ba ne sai an tabbatar da halin da ake ciki daga hukuma da mutanen yankin. Labarin tsaro kuwa yana canzawa daga mako zuwa mako, har a wuraren da ake ganin lafiya lau ne, shi ya sa bayanin da aka ji watan jiya ba ya wadatarwa. Wanda ke kwana a ƙauyen ne kaɗai zai iya gaya maka ko jiya an yi barci da ido biyu ko da ɗaya.

Samun irin wannan mutum a Zariya ba shi da wahala idan aka bi ta hanyarsa. Mai kawo tumatir da albasa kasuwa daga fadamun Galma, mai sayar da rake ɗan ƙasar Maƙarfi, abokin aikinka wanda iyayensa ke Maigana ko Soba, ɗalibi ko leburan da ke komawa gida duk Juma'a, kowanne daga cikinsu ƙofa ce. Ka gaya masa gaskiyar abin da kake so, cewa sha'awar fatsa ce kawai, ba sana'a ba, ka nemi ya haɗa ka da wani babba a gidansu. Sannan ka aika saƙo tun da kwanaki a gaba cewa kana tafe, da ranar, da yawan mutanen da za ku zo. Kada ku wuce biyu ko uku. Ayarin samari a kan babura masu yawa, ɗauke da jakunkuna, suna tambayar hanyar rafi, abin da zai tayar da hankalin gari ne a wannan zamani, kuma 'yan sintiri ba za su yi laifi ba idan suka tsare su suna zargin ko masu kai rahoto ne.

Ka isa da rana tsaka ko kafin la'asar, yadda kowa zai ga fuskarka. Ka sauka daga babur tun kafin ƙofar gidan, ka yi sallama a zaure, ka cire takalmi kafin ka hau tabarma, kada kuma ka leƙa cikin gida, domin gidan aure ba a shiga sai an ce a shigo. Za a kawo maka ruwa daga randa a moɗa ko a kwanon sha. Ka karɓa da hannun dama ka kurɓa ko yaya ne, ko da kana da ruwan gora a jaka. Gaisuwa kuma ba a gaggauta ta. Idan dattijo ne sai ka rusuna ka ce, "Baba, barka da rana, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya aikin gona, ya muka ji da ruwa bana?" Shi kuma zai tambaye ka gajiya da mutanen birni da wanda ya aiko ka, kuma sai an gama wannan zagaye, an ɗan yi shiru, sannan ake kawo maganar abin da ya kawo mutum. Tsarabar da ka riƙo, goro ko dabino, sukari da ganyen shayi, burodi na yara da sabulu na cikin gida, kada ka miƙa ta da surutu. Ka tura ta gefen tabarma ka ce ga ɗan abin da aka samu a kai wa yara.

Daga nan maigidanka zai kai ka wurin mai unguwa ko dagaci, kuma kada ka ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, domin shi ne takardar izininka. "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Zariya, ya zo ganin ruwa," in ji maigidan, daga wannan lokaci duk wanda ya gan ka a bakin rafi ya san baƙon wane ne. A garuruwan da ke da Sarkin Ruwa, wajibi ne a gaishe shi, domin shi ne ya san gurbin da aka hana taɓawa har sai ranar kamun kifi na gayya, da wurin da masunta suka kafa mali, wato tarkon kifi, ko suka shimfiɗa ragar kalli da mamari, igiya mai jerin ƙugiyoyi. Idan aka ce maka wani gurbi ba a shigarsa saboda yana da mutanen ɓoye, ka bar shi ba tare da gardama ba. Ko me ka yi imani da shi, yawancin wuraren da ake faɗa wa haka za ka tarar suna da zurfi na ban mamaki ko ruwa mai juyawa a ƙasa.

Madatsun ruwa na hukuma suna da nasu tsarin dabam. Madatsar Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan Kubanni da madatsar Zariya da ke kan Galma, waɗanda aka gina a shekarun 1970, ruwan sha ake ɗiba daga cikinsu, don haka a nemi izinin masu kula da su kafin a zauna a bakinsu. Ɓangaren Kubanni da ya riga ya ratsa unguwanni kuwa ya kwashi ruwan kwatami da shara, ban ga dalilin cin kifinsa ba alhali ga ruwa mai tsabta a gaba kaɗan.

Kayan aiki da yadda ake jefawa

Kayan fatsa ba su da tsada, kuma ana samun ƙugiya da zaren roba da dalma a kasuwar Sabon Gari. Sandar gora siririya mai tsawon kamar mita 3 ta isa, a ɗaura mata zaren da bai wuce tsawonta da yawa ba. A sayi ƙugiyoyi iri biyu, ƙanana domin karfasa mai ƙaramin baki, manya domin tarwaɗa da ragon ruwa, a kuma tuna cewa a lambobin da aka saba gani a jikin kwali, lamba mai girma ƙaramar ƙugiya take nufi. Abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna cizo ba sai an saya ba: totuwar karan dawa, tsawon gaɓar yatsa, tana yin aikin sarai. A haɗa da ƙaramar wuƙa, filaya, bokiti, tocila, gidan sauro, takalmin roba mai tsawo, hular kaba ko malafa, da abin cajin waya, domin ba kowane ƙauye ne ke da wuta ba.

Koto kuma, wato abincin da ake sa wa ƙugiya, a ƙauyen ake nemansa. Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce gaba, ana tono ta a ƙasa mai danshi a gindin ayaba ko bakin lambu, a zuba ta a gwangwani da ƙasarta, a ajiye a inuwa. Gara da fara da ƙullin dusa da aka cuɗa da ruwa suna jawo karfasa, tarwaɗa kuwa da ƙamshi take farauta, shi ya sa hanjin kaza ko ɗan guntun kifi da ya fara wari yake kiranta daga nesa. Wajen sa tana, ka soka ƙugiya daga kusa da kanta, ka riƙa tura jikinta a hankali yana bin lanƙwasar ƙarfen har ya rufe shi, ka bar ɗan wutsiya yana motsi a ƙasa. Idan wutsiyar ta yi tsawo, ƙananan kifaye za su tsattsage ta su bar maka ƙugiya tsirara.

Inda za a zauna ya fi kayan muhimmanci. Kifi ba ya son tsakiyar ruwa mai gudu; yana fakewa ne a inda ruwa ya karya kwana ya lafa, ko ƙarƙashin saiwar itacen da ya sunkuyo, ko bakin ciyawa, ko mahaɗar ƙorama da babban kogi. Ka zauna yadda inuwarka ba za ta faɗa kan ruwa ba, ka rage magana da buga ƙafa, domin motsin gaɓa yana isa ga kifi. Domin karfasa, ka daidaita totuwa yadda koto zai tsaya a tsakiyar ruwa kusa da ciyawa, da hantsi ko bayan la'asar. Domin tarwaɗa da kurungu, ka ƙara dalma koto ya sauka ƙasa, kuma sun fi ci da asuba, da dab da magariba, da cikin dare.

Karatun totuwa shi ne asalin gwanintar, kuma a nan ne ɗan koyo yake asarar yawancin kifinsa. Za ka ga ta fara rawa a wuri ɗaya, tana ɗan nutsewa tana tasowa, ƙananan da'irori suna buɗewa a kewayenta: wannan ɗanɗano ne, kifin bai haɗiye ba, wanda ya fizga a nan koto kawai zai ƙwace daga bakinsa. Ka riƙe sanda da sauƙi ka jira. Sa'ad da totuwar ta nutse gaba ɗaya, ko ta kama tafiya gefe kamar ana jan ta da gangan, sai ka ɗaga sanda da ɗan fizga gajere daga wuyan hannu, ba da dukan ƙarfin kafaɗa ba. Idan ka ji nauyi, kada ka yi ƙoƙarin cillo kifin sama. Ka bar zaren a miƙe, ka bar shi ya yi ta kai-komo har ya gaji, sannan ka jawo shi zuwa wuri marar zurfi. Babbar tarwaɗa takan nufi saiwa ko ciyawa da zarar ta ji ƙarfe, don haka tun farko ka karkatar da sanda ka nisanta ta da su.

Kamun kifin da hannu ma yana da ƙa'ida. Kurungu yana da ƙaya uku masu tsini, ɗaya a baya biyu a gefe, yana kafe su idan ya ji hannu, kuma sukarsu tana da zafi ƙwarai. Ka danne shi da takalmi ko tsumma ka karya ƙayoyin da filaya kafin ka cire ƙugiya. Tarwaɗa ma tana da irin wannan ƙaya a fukafukan gefe, sai a riƙe ta daga bayan kai. Minjirya kuwa, mai santsin jiki da ɗige-ɗige, wutar lantarki take bugawa, wadda za ta iya sa ka saki sanda ko ka zame cikin ruwa. Idan ita ce ta ci, ka yanke zaren kawai. Ƙananan kifayen da ba su kai tafin hannu ba a mayar da su. Maganar zuba guba kuma, ko magimfa ce ko maganin ƙwari irin na gona, ba ta taso ba sam: Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa da lantarki, kuma ruwan da za a lalata shi ne wanda mutanen gari da shanun Fulani suke sha.

Lafiyar jiki a bakin ruwa

Haɗarin da ba a gani da ido shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyawa, ta huda fatar wanda ya tsaya ko ya yi wanka a ciki, bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari. Dalilin takalmin roba ke nan, da kuma dalilin da zai sa ka haƙura da wanka a tafki komai zafin rana. Wanda ya ga alamar ya je asibiti, maganinta sananne ne, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Da yamma sauro yakan yi yawa a fadama, sai a sa riga mai dogon hannu. Macizai kuma, kasa da kububuwa da gamsheƙa, suna son duhuwar bakin ruwa da tarin karmami. Ka riƙa buga ciyawa da sanda kafin ka taka, kada ka cusa hannu a rami, kada ka yi tafiyar dare ba tocila. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a gaggauta kai shi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Shika. Kwale-kwale kuwa kada ka hau sai da mai shi, kuma kada a cika shi.

A fadama kana tafiya ne cikin dukiyar mutane. Ka bi kan kunya kada ka taka fangalin albasa, kada ka tsallake bututun injin ban-ruwa da babur, kada ka karya rake sai an ba ka, kuma da wuya ka gaishe da mai lambu ka wuce bai sara maka ɗaya ba. Ka nisanci mashayar shanu da wurin da mata ke wanki ko ɗibar ruwa, waya kuma ta zauna a aljihu a irin waɗannan wurare, domin ɗaukar hoton matan mutane ya isa ya ɓata duk mutuncin da maigidanka ya saya maka.

Kwana da sallama

Idan za ka kwana, fatsar dare sai da rakiyar ɗan gari, kuma sai 'yan sintiri sun sani. In aka ce kada a fita, to, an gama magana. Za a shimfiɗa maka a zaure ko a shagon samari, a kawo tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa, wataƙila da fura da nono idan akwai ruga kusa. Ka ci sosai, ka yaba, ka aika godiya cikin gida ta bakin yaro cewa a gaishe da su Inna da aiki. Kada ka ciro kuɗi ka ce na abinci ne, wannan cin fuska ne ga mutumin da ya tashi da jin cewa baƙonka annabinka. Ka bi jam'i a masallacin unguwa, domin a nan ne sauran mutanen gari za su san ka. Hadisi ya sanya liyafar baƙo kwana uku, amma mai fatsa da ya san halin da manomi yake ciki zai taƙaita a kwana ɗaya ko biyu.

Rabon kifi shi ne inda ake gane baƙon da za a so ya dawo. Mafi girma daga abin da ka kama na gidan da ka sauka ne, a shigar da shi tun yana da rai. Idan an samu da yawa, a kai wa mai unguwa da Sarkin Ruwa nasu. Yaron da ya tono maka tana ya raka ka rafi, shi ne ake ba tukwici na kuɗi, a gaban mahaifinsa ko da saninsa. Abin da ya rage naka, tarwaɗa za ta iso Zariya da ranta a bokiti da ɗan ruwa kaɗan, domin tana iya shaƙar iska kai tsaye, amma karfasa ba ta jure zafi, sai a farke cikinta a cire hanji da matsarmama a hankali, a wanke, a barbaɗa gishiri, ko a roƙi masu gida su yi mata banda idan za a ƙara kwana. Santsin tarwaɗa kuma toka ko ruwan zafi ke fitar da shi kafin a ɗora farfesu.

Ka kama hanya da sauran rana, yadda magariba za ta same ka a gida. Kada ka tafi ba ka koma wurin mai unguwa ka yi sallama ba, kuma abin da aka ɗaura maka a bayan babur, ko masara ce ko dankali ko curin mazarƙwaila, ka karɓa ba tare da dogon ja-in-ja ba. Da ka isa, ka buga waya ka ce ka sauka lafiya, domin har ka iso hankalin maigidanka yana kanka. Ka ba shi kwatancen gidanka filla-filla, saboda mutanen waɗannan garuruwa Zariya suke zuwa asibiti da kasuwa da neman wa yara makaranta, kuma ranar da ya kawo marar lafiya Shika ko ya makara a kasuwa, a gidanka ya kamata ya sauka.